Muhammadu al-Katsinawi: Malamin lissafin da Masar ta yaba wa

A shekarar 1154 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1741 Miladiyya, wani malami Bafulatani ɗan ƙasar Katsina ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan ɗaya daga cikin manyan malaman Azhar.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, Larabawa kuma suna rubuta shi al-Kashnawi ko al-Kishnawi. Ya bar littattafai a kan nahawu da manɗiƙi da ilmin taurari, amma abin da ya fi sa ake tunawa da shi a yau shi ne aikinsa a kan hatimi, wato zanen nan mai gidaje da ake cikawa da lambobi.

Galibin abin da aka sani game da rayuwarsa ya fito ne daga alƙalamin masanin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti, wanda a gidan mahaifinsa ne malamin ya cika.

Katsina da malamansa

Cikin laƙubban da al-Jabarti ya jera masa akwai wanda ke danganta shi da Ɗan Ranko, wani tsohon garin fatake a ƙasar Katsina.

A wancan zamani Katsina na kan ganiyarta. Bayan rushewar daular Songhai a 1591, ayarin raƙuman da ke ratsa Sahara sun ƙara karkata zuwa gare ta, tare da su kuma takarda da littattafai da malamai suka riƙa shigowa. Birnin ya riga ya fitar da malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667.

Al-Jabarti ya ambaci malamai huɗu da al-Katsinawi ya yi karatu a gabansu tun yana gida.

Akwai Shehu Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, malamin Borno da Bagirmi, marubucin littafin tauhidin nan al-Manhaj al-Farid, wanda kuma ya yi rubutu yana haramta shan taba. Akwai Shehu Hashim, da Shehu Muhammadu Bindu, da Shehu Muhammadu Fodiyo, laƙabin Fulatanci da Hausawa suka sani daga sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Wajen Muhammadu Fodiyo ne aka fara buɗe masa ƙofar karatu. Ya lizimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kuma a halin tafiya, yana koyon sarfu da nahawu da adabin Larabci.

Da farko malamin nasa kan kira shi ma'abocin Maƙamat, saboda yadda ya haddace littafin da malaman zaure ke kira Muƙama. An ce idan aka ambata masa kalma ɗaya daga ciki, nan take zai kawo abin da ya gabace ta. Da ya ƙware a nahawu sai malamin ya koma kiransa Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun Basra na ƙarni na 8, wanda shi ma asalinsa ba Balarabe ba ne.

Wajen Muhammadu Bindu kuwa ya ɗauki hisabi da ilmin lokutan salla da ilmin haruffa da na hatimai, bisa tsarin malaman Magrib. A gabansa ne kuma ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi da Alfiyyar Iraƙi da littattafan aƙida na Sanusi, ya saurari Bukhari da mafi yawan Mukhtasar na Halilu.

Wannan jeri ya isa ya nuna cewa faƙihi ne cikakke kafin ya zama mai lissafi. A zauren da aka koya masa hukuncin ciniki da na jinga, a nan aka koya masa yadda ake jera lambobi.

Hanyar gabas

Sunayen malaman nasa na nuni da irin alaƙar da ke tsakanin ƙasar Hausa da Borno a lokacin. Ɗaya daga cikin hanyoyin da fatake da almajirai ke bi zuwa Birnin Ngazargamu tana ratsa fadamun kogin Haɗeja, ta ƙasashen Auyo da Haɗeja da Garun Gabas, garin da a yau yake cikin ƙaramar hukumar Malam Madori ta jihar Jigawa. Waɗannan ƙananan masarautu suna ƙarƙashin inuwar Borno ne a ƙarni na 18. Har gobe kuma idan aka ce almajiri ya tafi gabas, an san karatun Alƙur'ani ake nufi.

Da al-Katsinawi ya ɗaura niyyar aikin Hajji, ya ratsa masarautu da dama yana ganawa da sarakunansu da malamansu. A ƙasar Borno ya yi zaman wata biyar wajen wani malami, inda ya koyi ilmin ramli, wato bugun ƙasa.

Ya sauke farali a shekarar 1142 ta Hijira, wato 1730, daga nan ya zauna a Makka. A can ne ya fara rubuta littafinsa mafi girma, al-Durr al-Manzum wa Khulasat al-Sirr al-Maktum, a kan ɗalasimai da taurari, wanda ya gina a kan wani tsohon littafi da ake danganta wa Fakhruddin al-Razi. Ya kammala shi a Masar cikin watan Rajab na 1146, wato ƙarshen 1733 ko farkon 1734.

A tsakanin waɗannan shekaru ne kuma ya rubuta Bahjat al-Afaq, littafinsa na ilmin haruffa da hatimai. Yana da waƙe a kan manɗiƙi mai suna Minah al-Quddus, da sharhin da ya yi masa da kansa, da kuma littafin nahawu, Bulugh al-Arab min Kalam al-Arab.

Mene ne hatimi?

Duk wanda ya taɓa ganin cikin laya da aka kwance, ko allon malamin tsibbu, ya san siffar hatimi. Larabawa na kiransa wafƙi, jam'insa aufaƙ, ma'ana abin da ya yi daidai ta kowace fuska.

Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida 9, uku a kwance uku a tsaye. Ana zuba lambobi daga 1 zuwa 9 ba tare da maimaita ko ɗaya ba:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ko ta ina aka tara layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu.

Dalilin kuwa a fili yake. Jimillar 1 zuwa 9 ita ce 45, idan aka raba ta ga layuka uku kowanne zai tashi da 15. Sannan layuka huɗu ne ke bi ta gidan tsakiya, jimillarsu 60. A cikin wannan 60 an ƙirga kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuma an ƙara ƙirga shi sau uku. Idan aka ɗebe 45 daga 60 saura 15, kashi ɗaya cikin uku nata kuwa 5 ne. Saboda haka babu lambar da za ta iya zama a tsakiya sai 5.

Akwai hanyoyi 362,880 na jera lambobi tara a gidaje tara. Takwas ne kawai daga ciki ke ba da hatimi, su ma takwas ɗin hatimi ɗaya ne da aka jujjuya ko aka kalla ta madubi.

Sinawa sun san wannan zane tun kafin Musulunci. A ƙasashen Musulmi kuwa ya bayyana a littattafan likitanci na farko-farko a matsayin abin da ake rubuta wa mai naƙuda, daga bisani aka riƙa danganta shi ga Imam Gazali.

Abin da ya ba shi daraja a idon malaman asirai shi ne lissafin abajada, inda kowane harafin Larabci ke da adadinsa. Lambobin kusurwoyi huɗu, 2 da 4 da 6 da 8, su ne haruffan ba da dal da wau da ha, waɗanda ake haɗawa a karanta buduh. Sunan Adamu a wannan lissafi 45 ne, na Hauwa'u kuma 15, wato jimillar hatimin gaba ɗaya da jimillar layi ɗaya.

Haka kuma malami zai iya sa kowane layi ya ba da adadin sunan da yake so. Alal misali sunan Allah 66 ne. Sai a ɗebe 12, a raba ragowar 54 gida uku, a sami 18. Idan aka fara daga 18 zuwa 26 bisa tsarin da ke sama, 22 za ta faɗa tsakiya, kowane layi kuma ya ba da 66.

A nan ne bambancin Magrib da Gabas ke da muhimmanci, domin haruffa shida ba su da adadi iri ɗaya a tsarin biyu. Harafin sin 60 ne a Masar, amma 300 ne a Magrib da ƙasar Hausa. Shi ya sa Bisimilla take 786 a lissafin Gabas, a na Magrib kuma 1026. Malamin da ya taso da tsari ɗaya ya je yana koyarwa a ƙasar da ake bin ɗayan, dole ne ya riƙe duka biyun a kansa.

Tafiyar doki

Ɓangaren aikin al-Katsinawi da masana lissafi suka fi nazari shi ne wanda ya shafi hatimai masu adadin layi mara, wato wutiri, kamar 3 da 5 da 7 da 9 da 11.

Ƙa'idar jimillar layi guda ce ga kowane hatimi. A ninka adadin layuka da kansa, a ƙara 1, a ninka abin da aka samu da adadin layukan, a raba biyu. Mai layi biyar zai ba da 65, mai bakwai 175, mai tara 369, mai goma sha ɗaya 671. Mai layi ɗari, wanda ke ɗauke da lambobi daga 1 zuwa 10,000, kowane layinsa 500,050 ne.

Sanin jimillar abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen sanin gidan da kowace lamba za ta zauna, kuma a nan ne ya yi bayanin dabaru, ciki har da wadda ke kwaikwayon tafiyar doki a wasan shaɗaranji.

Mai karatu na iya gwada wani nau'i na wannan dabara da alƙalami. A zana gidaje 25, a sa 1 a kusurwar sama ta hagu. Daga nan a sauka gida biyu, a matsa gida ɗaya dama, a sa 2. A ci gaba da haka. Idan tafiyar ta fita ta ƙasa sai a shigo ta sama, idan ta fita ta dama a shigo ta hagu, kamar an naɗe takardar. Bayan kowace lamba biyar za a tarar da gidan gaba a cike, sai a sa lamba ta gaba a gidan da ke saman wadda aka rubuta ta ƙarshe. Ga abin da zai fito:

1 14 22 10 18
25 8 16 4 12
19 2 15 23 6
13 21 9 17 5
7 20 3 11 24

Layuka biyar na kwance, da biyar na tsaye, da biyun da ke karkace, duk 65 ne. Dabarar na aiki a kan mai layi 7 da mai layi 11 ba tare da an sauya komai ba, sai dai ba ta aiki a kan mai layi 9, wanda ke bukatar wata ƙa'idar.

A cikin rubutun nasa ya gargaɗi ɗalibai da su yi aikin a ɓoye, kada su baza asiran ga duk wanda suka gani. Ya kuma hore su da kada su yi saurin karaya idan lissafi ya ƙi fita, yana mai kamanta mai neman wannan ilmi da masoyin da ba ya samun biyan bukata sai da naci.

Tsakanin hisabi da tsibbu

Ga mai karatu na yau, musamman a arewacin Najeriya, tambayar da ke tasowa ita ce ko malamin lissafi ne ko kuwa malamin tsibbu.

Littattafansa sun nuna cewa shi bai raba biyun ba. Ya ɗauki hatimi a matsayin abin da ke da tasiri idan aka rubuta shi a lokacin da ya dace, kuma littafinsa na ɗalasimai cike yake da maganar taurari da sa'o'i. Duk wanda ya ce lissafi zalla ya yi, ya ɓoye rabin tarihin.

Saɓanin malamai a kan wannan fanni ya girme shi nesa ba kusa ba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya sanya ilmin asiran haruffa a sahun sihiri a cikin Muƙaddimarsa. A ɗaya ɓangaren kuma littattafan da ake danganta wa Ahmad al-Buni, musamman Shamsul Ma'arif, sun yaɗu daga Maroko har zuwa Indiya, sarakunan daular Usmaniyya ma sun sa riguna masu zanen hatimai, waɗanda ake ajiye da su a fadar Topkapi da ke Istanbul.

A ƙasar Hausa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da duban taurari. Amma ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya sanya al-Katsinawi cikin manyan malaman wannan yanki, ya kuma ambaci yadda malaman Makka da Madina da Masar suka yarda da iliminsa. Jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa, shi ma ya yi nazarin haruffa da hatimai.

Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 muhawara kan laya da hatimi ta ƙara zafi, kuma har yanzu ba ta mutu ba. Hukuncin rataya hatimi a wuya magana ce ta malaman fiƙihu. Amma cewa layukan da ke sama suna ba da 65, wannan mai goyon baya da mai suka duk za su iya tarawa su gani.

Zamansa a Alƙahira

Da ya isa Masar, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Usmaniyya, ya fara zama ne a unguwar Darb al-Atrak da ke kusa da Azhar.

A nan ya haɗu da Shehu Hasan al-Jabarti, malamin fiƙihun Hanafiyya wanda ya shahara a ilmin falaki da hisabi da ƙera kayan awon lokaci. Kakanninsa sun fito ne daga yankin Jabart a Ƙahon Afrika, kuma gidansu ne ke shugabantar masaukin ɗaliban wannan yanki a Azhar.

Hasan al-Jabarti, duk da matsayinsa, ya zauna gaban baƙon daga Katsina ya koyi ilmin hatimai da lissafin haruffa. A lokacin da aka saba ganin mutanen Afrika ta Yamma suna zuwa Azhar neman karatu, ga ɗaya daga cikinsu yana bayarwa.

Zumuncin nasu ya yi ƙarfi har al-Katsinawi ya koma gidansa, ya kuma naɗa shi wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Da ya rasu, Hasan ne ya binne shi a Bustan al-Ulama, cikin maƙabartar Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Abdurrahman, ɗan Hasan, an haife shi ne fiye da shekara goma bayan haka, don haka bai ga malamin da idonsa ba. Ya taso ne a gidan da aka bar wa amanar littattafansa, kuma da ya zo rubuta tarihinsa na Masar, Aja'ib al-Athar, ya keɓe masa wuri cikin manyan malaman da suka rasu a wannan zamani.

Lambar da ta jira kwamfuta

A ƙarni na 20 ne masu bincike suka sake waiwayar sa. A 1967 Malam Hassan Gwarzo ya wallafa nazari a Ibadan kan yadda al-Katsinawi ya bayyana ramzi, wato rubuta shekara da haruffa. A 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta yi bayanin hatimansa a littafinta Africa Counts, bisa wani kwafin rubutun hannu da ke Landan. Ta wannan littafi ne sunansa ya shiga azuzuwan makarantu a Amurka da Turai.

Daga nan kuma ƙarin gishiri ya biyo baya. A wasu shafukan intanet akan ce shi ne ya ƙirƙiro dabarun gina hatimi. Tarihi bai goyi bayan haka ba, domin tun ƙarni na 10 malamai irin su Abul Wafa al-Buzjani suka rubuta littattafai a kan fannin, kuma a 1691 Bafaranshen nan Simon de la Loubère ya wallafa wata dabara makamanciya da ya koyo a tafiyarsa ta Siyam, wato Thailand ta yau. Matsayin al-Katsinawi shi ne na wanda ya gaji wannan ilmi a ƙasar Sudan, ya ƙware a kansa, ya tsara shi a littafi, har ya koyar da shi a Alƙahira.

Akwai kuma wata tambaya da dabarun gini ba sa amsawa, wato hatimai nawa ne ake iya samu gaba ɗaya.

Mai layi uku, kamar yadda aka gani, guda ɗaya ne tak. Mai layi huɗu yana da 880, waɗanda Bafaranshe Bernard Frénicle de Bessy ya jera, aka buga su a 1693 bayan rasuwarsa.

Mai layi biyar kuwa sai a 1973, shekarar da littafin Zaslavsky ya fito, Richard Schroeppel na Amurka ya ƙirga su da kwamfuta. Adadin shi ne 275,305,224, ba tare da an lissafa juyi da madubi ba. Idan aka haɗa da su sai a ninka sau takwas, a sami 2,202,441,792.

Lambar 275,305,224 tana rabuwa gida huɗu ba saura, inda kowane kashi ke zama 68,826,306, kuma akwai dalili. Idan aka musanya layin farko da na ƙarshe a kwance, aka kuma yi haka a tsaye, hatimin ba ya lalacewa, sabo ne ke fitowa. Da wannan musaya da wata irinta, hatimai masu layi biyar suna zuwa ne huɗu-huɗu.

Daga cikin wannan tarin, 3,600 ne kawai ke da ƙarin siffar da ke jikin wanda tafiyar doki ta haifar a sama, inda hatta layukan karkace da suka karye suka zagayo ta ɗaya gefen suke ba da 65, kamar 14 da 16 da 23 da 5 da 7.

Da a ce wani malami ya zauna tun shekarar 1741 yana zana hatimi mai layi biyar ɗaya a kowane minti, ba barci ba hutu, da yanzu ya ɗan wuce rabin aikin, kuma ba zai gama ba sai wajajen shekarar 2264.

Adadin masu layi shida ya jira har 2024, lokacin da wani masani ɗan Japan, Hidetoshi Mino, ya sanar da 17,753,889,197,660,635,632 bayan dogon aiki da kwamfutoci masu yawa. Masu layi bakwai, waɗanda almajiri zai iya zana ɗaya daga cikinsu a kan allo cikin ƴan mintoci da tafiyar doki, har yanzu ƙiyasinsu kawai ake da shi.